Ranar da Gwaggo Ta Ƙi Tayar da Mota

Har yau in ƙamshin dambu da zogale ya bugi hancina, musamman wanda aka barbaɗa wa ƙuli aka yaryaɗa masa man gyaɗa, ba murhu nake tunawa ba. Mota nake tunawa. Na san za ka ce me ya haɗa dambu da mota, to ka ɗan saurara, mai karatu.

A Ƙofar Marusa ta birnin Katsina na tashi, a gidan kakanninmu, inda wata tsohuwar bishiyar bedi ta yi wa ƙofar gida rumfa. Mu yara muna da yawa, amma mota a duk danginmu guda ce, ta Gwaggo, yayar Babanmu. Aikin jinya take yi a asibiti. Mijinta ya rasu tun ban yi wayo ba, ba ta da ɗa ko ɗaya, ita kaɗai take zaune a wani ɗan gida a bayan layinmu. Motar tsohuwa ce, ruwan toka, kuma da kanta take tuƙa abinta. A lokacin, mace a kan sitiyari abin kallo ce. In ta shigo lungu, yara kan bar wasa su bi ta da gudu.

Sai dai mu 'yan gida ba mu ɗokin shiga motar nan. Motar Gwaggo tana da dokoki. Yaro ba ya zama gaba. Ba a leƙa kai ta taga. Kowa sai ya ja bel ya ɗaura, kuma sai ta juyo ta ja na kowa da hannunta ta ji ya kama, sannan ta murɗa makulli. Ƙananan cikinmu takan ɗora su a kan wani matashi mai tauri da ta sa aka ɗinka mata, don bel ɗin ya bi ta kafaɗa, kada ya shaƙe wuya. Ƙofofin baya kuwa ba su buɗuwa ta ciki. Mun daɗe muna zaton lalacewa suka yi, sai wata rana ta nuna mini wani ɗan maɓalli a gefen ƙofar, wanda ba a ganinsa sai ƙofa tana buɗe. Ita take tura shi da gangan. In an isa inda za a, sai mu zauna kamar kaji a akurki har ta zagayo ta buɗe mana. A bayan idonta gidan yari muke kiran motar. Mun fi son a-kori-kurar wani maƙwabcinmu, wadda ake loda mu a baya ranar Sallah, muna tsaye muna ihu, iska tana kaɗa mana kallabi.

Manya ma ba su bar ta ba. Wasu su ce boko ne ya yi mata yawa, wasu su ce ganin masu rauni a asibiti ne ya sa mata tsoro. Ita dai ba ta tankawa.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, aka aiko cewa ƙanwar Kakarmu ba ta da lafiya a Batagarawa. Kaka ta tashi da sassafe ta turara dambu, ta cika babban kwano mai murfi, ta ɗaure shi da tsumma. Gwaggo ta zo ɗaukarta. Aka ce in raka su, a tafi kuma da ƙanena, wanda a lokacin bai fi shekara huɗu ba. Shi ne ɗan lelen Kaka. Mai gidana take ce masa, tare suke cin abinci, a ɗakinta yake kwana.

Kaka ta shiga gaba, ta gyara mayafinta, ta ɗauki yaron ta ɗora a cinya. Ni na shiga baya da kwanon dambu. Muka jira mota ta tashi, ba ta tashi ba.

“Inna,” in ji Gwaggo, a hankali, “a ba ni shi in sa shi baya.”

“A bar mani mai gidana nan. Iska yake so.”

“Inna, ki yi haƙuri. Baya zai zauna. Ke ma a ɗaura miki bel.”

Kaka ta juyo ta dube ta. “A cinyar nan na rene ki, a nan na reni ubanshi. Yau ita ce ba ta iya riƙon yaro? Abin da Allah Ya rubuta, igiya ba ta hana shi.”

“Haka ne, Inna,” in ji Gwaggo. Amma hannunta bai koma kan makulli ba.

Ban taɓa ganin wanda ya ja da Kaka a gidan nan ba. Babanmu ya leƙo daga soro, ya ga uwarsa, ya ga yayarsa, ya koma ciki sumsum. Can sai Gwaggo ta buɗe ƙofa ta fita, ta zagaya ɓangaren Kaka, ta durƙusa a ƙasa da fararen kayanta, a cikin damshin ruwan da aka yi jiya.

“Inna, ki gafarce ni. In kin ce in goya shi in taka da ƙafa har Batagarawa, zan taka. Amma ba zan tuƙa mota yana kan cinya ba.”

Matan maƙwabta sun fara leƙe ta zaure. Kaka tana ta kallon gabanta. Daga baya ta sauke yaron.

“Ɗauke shi,” ta ce wa Gwaggo, sannan ta juyo wajena. “Ke kuma miƙo mani kwanona, shi dai ba a hana ba.” Da Gwaggo ta ja bel ta ɗaura mata, sai ta ce, “To, an ɗamre ni kamar tunkiya za a kai kasuwa.”

Aka ɗora ƙanena a kan matashinsa a bayan kujerar Gwaggo, yana kuka yana miƙa hannu. Muka fita daga gari. Hanya ta yi kyau ranar. Ko'ina kore shar, ƙasa tana ƙamshi, mata suna tafe a gefen kwalta da ƙwaryar nono. Ƙanena ya manta da kuka, ya shiga nuna mini shanun da ke kiwo a bakin hanya.

Daga cikin shanun nan wani ɗan maraƙi ya zabura ya hau kwalta, uwarsa ta biyo shi a guje. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar birki, da wani abu da ya finciko ni ta ƙirji ya mayar da ni kujera har numfashina ya ɗauke. Mota ta yi sulu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar gefen hanya, gabanta ya faɗa wani kwari a bakin gonar gero, bayanta yana kan titi. Na ji wani ƙara kamar an fasa tulu. Sannan komai ya yi tsit, ban da Kaka da ke salati.

Dambu ne ko'ina. A gilashi, a kan Gwaggo, a gashin ƙanena, har cikin kunnena. Kwanon da Kaka ta rungume da hannu biyu ya kuɓuce mata, ya daki gilashin gaba ya tsaga shi kamar saƙar gizo, shi kansa ya lotse.

Ƙanena ya tsorata. Ya kama mariƙin ƙofarsa yana ja da ƙarfi, yana ihu zai fita. Ɓangaren titi yake. A daidai lokacin wata babbar motar yashi ta zo ta wuce mu tana hon, kusa ƙwarai, har motarmu ta girgiza. Ya ja, ya sake ja. Ƙofar ba ta buɗe ba.

Gwaggo ta fito, ta duba hanya, ta fito da mu ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren gona. Ta shafa kanmu, ta latsa haƙarƙarinmu, ta ce mu ɗaga hannu mu sauke. Mai shanun, wani dattijo da sanda a kafaɗa, ya iso yana haki yana cewa, “Sannunku, sannunku. Allah Ya tsare. Wallahi maraƙin ne.” Manoma suka bar fartanya suka taru suka turo motar. Kaka kuwa ta koma gefe. Tana zaune a kan kunyar gona da lotsattsen kwanon a hannunta, tana juya shi, tana duban gilashin, tana duban yaron.

Ba mu ƙarasa Batagarawa ba ranar. Da la'asar aka sa ni gasa wa Kaka kafaɗa da ruwan zafi, inda bel ya kwanta mata ya yi shati. Ina cikin gashin ta fara magana, ba ta kalle ni ba.

Ta ce Gwaggo ta taɓa haihuwa. Namiji, ɗan fari. Yana kamar shekarun ƙanena aka ɗauke su a motar wani abokin mijinta za su biki. Yaron yana tsaye a baya yana wasa da ƙofa, manya suna hira. A wata kwana ƙofar ta buɗe. Gwaggo ta kai hannu, rigarsa kawai ta taɓa.

Ban taɓa jin labarin nan ba. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko yana raye, balle ya rasu. Kunya ta rufe mata baki, mutane kuma suka taya ta rufewa.

“Shekara da shekaru ina ganin kamar ba ta yi haƙuri da hukuncin Allah ba,” in ji Kaka. “Shi ya sa nake faɗa da igiyoyin nan nata. Ina cewa ta saki abin ya wuce.” Ta yi ajiyar zuciya. “Da hannu biyu na riƙe kwanon nan, ɗiyata. Da hannu biyu.”

Ba ta taɓa ba Gwaggo haƙuri a gabanmu ba, uwa ba ta yin haka. Amma da aka gyara gilashi muka koma dubiyar, ita ta fara jawo bel tana lalube, tana faɗa wai an ɓoye mata ramin. Daga ranar kuma duk jikan da ya nufi kujerar gaba, da carbi take korarsa.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Katsina ta cika da motoci, har lungun da a da jaki kaɗai ke shiga. Motocin yanzu da kansu suke kuka in ba ka ɗaura bel ba, ga kujerun yara ana sayarwa a kasuwa, har na gwanjo. Duk da haka nakan ga mutum ya zagaya bel ta bayan kujera don motar ta yi masa shiru, ko ya ɗora ɗansa a cinya yana tuƙi, yaron yana riƙe da sitiyari, ana dariya. Ba na zagin kowa. Mu ma haka muka so a bar mu. Ni dai nawa 'ya'yan a baya suke zama, a ɗaure, in sun yi kuka su yi.

Gwaggo ta tsufa, ido ya yi rauni, ta bar tuƙi. Ƙanena ya zama magidanci, kuma ba ya tuna komai na ranar nan. A Sallar da ta wuce muka haɗu a gidanta. 'Ya'yansa suka yanyame ta, wannan ya hau bayanta, wannan yana jan carbinta, ƙaramar tana lalube a jakarta tana neman alewa. Na zauna ina kallonsu, sai na ji ba zan iya ci gaba da yin shiru ba. Na matsa kusa da ita.

“Gwaggo, ban taɓa yi miki godiya ba. Duk yaran nan, ba don ke ba...”

Ta ɗaga mini hannu. “Kul. Allah ne Ya tsare.” Ta jawo ƙaramar ta zaunar a gefenta, tana gyara mata ɗankwali. Sai da na zaci ta gama magana, sannan ta ce, “Ni dai na taɓa ganin ƙofa ta buɗe, shi ke nan.”