Taya Mai Ruwan Toka

Lokacin da nake fataucin goro daga Salaga zuwa Bawku, na sayi 'yar motar wasa ta ƙarfe a kanti. Ba ni da ɗa, ba ni ma da mata. Irin motar da ƙarfina ya kai ke nan.

A Yendi wani Bature malamin gona ya gan ta. Ya ce 'yan'uwanta duk baƙar taya gare su, tawa kuwa ruwan toka, kuskuren maƙera ne, shi ya sa irinta ke da wuyar samu. In kula da ita, zai dawo ya saya da tsada.

Ni dai kalmar kuskure na riƙe. Na samo baƙin fenti na gyara tayoyin, na rubuta mata "Allah Ya Kiyaye" a goshi da ajami, tunda mota ba ta hawa hanya babu rubutu.

Da ya dawo, ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Gyaran kyauta ne."

Tana cikin akwatina har yau. Ko tsatsa ba ta yi ba.