Ranar da na ƙara wa Kano faɗi

Shekarata ta biyu a Alƙahira zaman gida ya ishe ni. Maigidana yana jami'a, ni ina ɗaki a unguwar Ard al-Liwa ina kallon shanyar maƙwabta. Lalle ne ya fitar da ni. Na yi wa wata amarya Bamisriya, kakanta ya ga zanen, ya sa aka kira ni shagonsa a Ma'adi. Tsoho ne mai sayar da tsofaffin taswirorin duniya, yana neman mai hannun da ba ya rawa.

Ya nuna min su ɗaya bayan ɗaya. Faransawa ne, in ji shi, suka sassaƙa su a farantin tagulla, komai a juye, sannan aka buga a takarda baƙi da fari. Launi kuwa da hannu ake sawa, kuma akwai waɗanda har yau ba a sa musu ba. Ya ɗauko wata mai yagaggen gefe ya ce gwaji ce. In na bi ɗige-ɗigen iyakoki ban kauce ba, aiki nawa ne.

Wallahi ina son aikin nan har cikin raina. Na soma daga Masar, hannu lafiya lau. Na gangaro yamma, sai ga Kano. Kanonmu, a takardar da ta girmi kakan kakana! Na kusa yin guɗa a shagon mutane. Sai idona ya faɗa ƙasa kaɗan, ga Zazzau shimfiɗe, ta kusa ninka mu biyu.

To, maigidana Bazazzagi ne, ni Bakanuwa, kuma tun ranar ɗaurin aure muke tsokanar juna, wai mu bayinsu ne. Ashe wani Bafaranshe da bai taɓa shan ruwan Kano ba ya riga ya ba shi hujja. Na tsoma buroshi a ruwan hoda. Na ce silin gashi kawai zan ƙara mana. Silin ya zama yatsa. Kafin in farga Kano ta haɗiye rabin Zazzau, ina ta ƙunshe dariya kafaɗuna na girgiza.

Tsohon ya sa tabarau ya sunkuya a kan takardar. Dariyar ta gudu, na soma hango shanyar maƙwabta.

"Ya binti, 'yata," ya ce, "hannunki bai yi rawa ba. Da gangan kika yi. Wa kike da shi a nan?" Ya ɗora yatsa a kan abin da ya rage na Zazzau.

Na ce, "Mijina, ya Hajj."

Ya yi dariya har da tari. Ya naɗe takardar ya miƙo min, ya ce in kai wa maigidana, ba mai sayen wannan. Na karɓa, na juya zan fita, idona ya cika da ƙwalla.

"Ina za ki? Gobe ki zo da safe. Amma ƙasa kam shi ke nan, ba za ki ƙara taɓa min ita ba." Ya turo min kwalbar shuɗi. "Teku zan ba ki. Ina fata ba ki da kowa a can."

Shekara uku na yi ina shafa teku.