Gwiwar Inna

Cikina na fari, ban faɗa wa kowa ba. A ƙauyenmu, can bayan Gangara, mace ba ta buɗe baki ta ce tana da cikin fari. Kunya ce. Inna uwar mijina kuwa Bafillatana, tata kunyar ta ninka tamu. Sai muka zauna gida ɗaya, ni da ita da cikin, kowa na yi kamar bai ga kowa ba.

Amma jiri ya sa ni gaba. In na ɗaga taɓarya sai in ga turmi biyu. Tafin hannuna ya yi fari fat. Tsoro nake ji sosai, ga bakina a ɗinke.

Wata safiya Inna ta fito tana ɗingishi. "Yarinya, gwiwa ta kama ni. Raka ni gidan likita." Matar da ke bin shanu har bakin iyaka ba tare da ta zauna ba.

A garin Gazawa ta wuce layin masu ciwon ƙafa, ta je ta zauna cikin masu awo, tsohuwa da furfurarta. Mata suna ta ƙunshe dariya. Ungozomar likita ta dube ta, ta dube ni, ta gane. Ta duba idona, ta auna ni, sannan ta juya wajen Inna ta ce wannan gwiwa jini ne ya yi mata kaɗan. Tana son ƙwayar ƙarin jini, da hanta, da ƙwai, da zogale, kuma a dawo da ita kowane wata.

Tun daga nan na shiga uku. Inna ta dafa ƙwan zabi, ta yatsina fuska, ta turo min. "Ƙarni. Cinye, kar a yi asara." Ƙwan da aka ce in mai ciki ta ci sai ta haifi ɓarawo. Na yi ƙunƙuni, ta ce duk ɓarayin da ta sani iyayensu ba su da ko kaza. Ranar kasuwa hanta. Ƙwayar ma wai ta fi ƙarfin maƙogwaronta. Mijina, bawan Allah, har man zafi ya sayo mata daga Katsina. Ta shafa a ƙafar da ba ita ba.

Ciki ya tsufa, ƙofar ɗaki sai na karkace, har yanzu gwiwa muke jinya. Ran nan a kan amalanke muna dawowa, haushin hanta ya ishe ni. Na ce, "Inna, wai wannan gwiwa ba ta warkewa ne?"

Ta kalli kunnen jakin da ke jan mu.

"A da ina da ɗiya kamarki," ta ce. "Na ga hannunta ya yi fari, na yi kunya, ita ma ta yi kunya. Ranar haihuwa jinin bai kai ta ba."

Ta kwance bakin zanenta, ta ɓare ƙwai, ta miƙo min. Wannan karon ba ta ce ƙarni ba.