Gide Mai Awon Rijiya

A shekarun 1950, lokacin da aka fara ɗaure rijiyoyin ƙasar Faskari da siminti, aka ɗauki Gide aikin awon ruwa. Ɗan wata unguwa ne kusa da Tafoki. Aikinsa ya zura igiya mai ƙarfe a baki, ya ga inda ruwa ya tsaya, ya cika kwalba a kai Katsina a duba. Rijiyar da aka ga ta ja baya, ita ake turo wa mahaƙa su ƙara mata zurfi.

Awon ba ya yiwuwa sai da sassafe, kafin kowa ya jefa guga. Nan ƙiyayyar da mata ke masa ta samo asali, don mai jan farko ke samun ruwa garau, na baya sai laka.

"Kai Gide, da igiyarka za mu dama fura?" in ji Baraka, ƙanwar ubansa.

"Gwaggo, ki ɗan yi haƙuri."

"Haƙurin mi? Tun da ka fara leƙenta take ƙafewa!"

Sai magana ta bazu cewa duk unguwar da rijiyarta ta gaza, tashinta za a yi, a mayar da mutanen bakin hanya, su bar gonakinsu. Gide ya rantse ƙarya ce. Ba wanda ya yarda da shi.

Da rani ya kama, ya zo awo unguwarsu, ya tarar mata sun ja gefe, ba mai zagi. Ya zura igiya, ƙarfen ya taɓa ruwa tun bai kai inda ya saba ba. Ya jawo kwalba, sai ga ruwa kore shar, har da 'ya'yan kwaɗi. Ashe kwana aka yi ana jido ruwan tafki a tuluna ana juyewa ciki.

Mai unguwa, Malam Almu, ya matso kusa da shi. "Abin da igiya ta nuna shi za ka kai. In ka ƙara wani abu, gaban alƙali ka kai mu, har gwaggonka."

"Baba, in na kai wanga awo, mahaƙa ba za su zo ba."

"Wa ya kira su?"

Gide ya dubi Baraka, ta kau da kai. Ya zubar da ruwan kwalbar, ya ce wa shugabanninsa ta fashe a hanya, ya kai awon yadda yake. Aka tura mahaƙa wajen garin Ketare.

Kafin damina rijiyar ta ƙafe ƙaf. Mata suka koma tafiya mai nisa da tulu, aka ce igiyar Gide ce ta yi ƙarya ta hana su mahaƙa. Ya nemi a mayar da shi Sabuwa, can ya yi ta awo har ƙarfinsa ya ƙare.

Da Baraka ta rasu ya zo gaisuwa. Ba wanda ya matsa masa a tabarma. A tsaye ya yi addu'a, ya juya.