Shafin da Mai Agogo Ya Cire

Na daɗe ina shakkar kayan wasan nan da ake cewa suna koya wa yara haɗa mutum-mutumi mai motsi. Inda na yi karatu na gan su jibge a kantuna, na kuma ga yadda suke ƙarewa a ƙarƙashin gado bayan mako biyu. Da na dawo gida, Mai Agogo ne ya sa na sassauta.

Shekara arba'in yana zaune a ɗan shagonsa, tsakanin tela da mai wankin hula, gilashi maƙale a ido ɗaya. A bayansa agogunan da masu su suka manta da su ne a rataye, kowanne da nasa lokacin. 'Yarsa ɗaya ce, aiki ya kai mijinta ƙasa mai nisa, can ta haifa masa jika. Yarinyar ta kai shekara shida, sau ɗaya ya taɓa ɗaukarta. Duk ranar hutu uwar takan kira ta bidiyo ta ce, "Zo ki gaida Kaka." Ta zo, ta gaishe shi, kafin ya gama amsawa ta ajiye wayar, sai ya ga silin. Abin da ke cinsa ke nan, kada ta girma ba ta san komai game da shi ba sai fuskar da ake gaisarwa a guje.

Ranar da 'yarsa ta kawo masa ƙara, wai yarinyar ta kwance fankar wasanta don ta ga abin da ke juya ta, dariya ya yi har da hawaye. Ya rufe shago da hantsi ya nufi kantin kayan yara.

Mai kantin ta miƙo masa wani mai waƙa da rawa. "Baba, wannan yara ke so. Dannawa kawai ake yi."

"'Yata, in danne-danne ne ai tana da wayar uwarta. Buɗe min wancan."

Kwali huɗu ya sa ta buɗe. Wanda ba ya tafiya sai da kwamfuta ya ture shi. Wani ya shafa gefensa da babban yatsa, ya ji kaifi, ya girgiza kai. Ya tsaya a kan wata 'yar mota mai ido biyu da ke kauce wa bango da kanta, sukurorinta manya daidai hannun yaro, littafinta duk hotuna. Ya ce a ba shi biyu, ɗaya tata, ɗaya tasa, su riƙa haɗawa tare ta waya.

Amma hali zanen dutse. Tunda ya fara sana'a abu bai taɓa barin hannunsa ba ya aiki ba. Yana komawa shago ya haɗa ta jikar tsaf, ya ɗaure kowane sukuru tam, ya ɗiga dalma a kan kowace waya don kada ta zame. Ya kai gida ya ajiye a tsakar ɗaki, mota ta kauce wa ƙafar kujera, ya dubi matarsa yana jiran yabo.

Ta ce, "To Malam, ita kuma me za ta haɗa? Ka tauna mata abincin, ka haɗiye mata."

"Gwadawa na yi."

"Gwaji har da dalma? Faɗi gaskiya dai, tsoho ya samu abin wasa."

Kwana uku ya yi yana warware aikinsa, yana narkar da dalma, yana goge kowace waya har ta koma kamar sabuwa. Ya ce min bai taɓa yin aikin da ya ba shi wuya haka ba, domin hannunsa gyara ya sani, bai san kwancewa a bari ba.

Ina shagon ranar da yake shirya kwalin don aikawa. Tasa motar tana kan tebur, ko ledarta bai yage ba, tana jiran ranar hutu. Kafin ya rufe kwalin ya ɗauki reza ya cire shafin ƙarshe na littafin, wanda ke nuna inda jar waya take shiga, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Na ce, "Baba, in ba wannan shafin ai motar ba za ta tashi ba. Me ya sa ka cire?"

Ya dafa aljihun ya ce, "In ta gama ita kaɗai, me zai sa ta ce a kira mata Kaka?"