Gwaggona da Ajin Kwamfuta

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi shekara ashirin da huɗu tana koyar da buga tafireta a wata sakandare da ke ƙarshen gari, inda motar haya take juyawa. Ɗalibai ba su san ta da wani suna ba sai Malama Tafireta. Mace ce gajera mai tabarau, ba ta son hayaniya, kuma ba ta kallon yatsunta in tana bugu. Aikinta ta san shi ciki da waje, har ranar da shugaban makaranta ya aika a kira ta.

Takarda ya miƙa mata daga kwalejin da ke tsakiyar gari. Kwalejin ta fito da wani shiri na kai ilimin kwamfuta makarantun bayan gari, waɗanda 'ya'yansu ba sa samun shiga wannan fanni. Za a ba da na'urori, a horar da malami ɗaya, a ƙarshen shekara kuma a yi jarrabawa, wanda ya ci a ba shi gurbin karatu a kwalejin.

"Malama, ke muka zaɓa," in ji shugaban.

"Ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa kunna kwamfuta ba."

"Ai duk maɓallai ne. Ke kuwa wa ya kai ki sanin maɓalli?"

Ta dawo gida da takardar a jaka. A lokacin ina zaune a wurinta ina koyon ɗinki, don haka komai a idona aka yi.

Mako biyu aka yi ana horar da su a kwalejin, ita da malaman da sauran makarantu suka turo. Ranar farko mai horarwar, wani dogon malami mai saurin magana, ya ba su rubutu su kwafa. Kafin sauran malamai su gama layi biyu Gwaggo ta cika shafi. Aka tafa mata. Daga wannan rana ba ta sake gane komai ba. Ashe ba bugun ake so ba, so ake mutum ya rubuta wa na'urar umarni, ita kuma ta bi. Gwaggo takan kwafi abin da ke allo harafi da harafi, na'urar ta yi aiki, amma ba ta san dalili ba. Wani lokaci ta kwafa daidai, na'urar ta ƙi, nan ma ba ta san dalili ba.

Abin da ya fi tsaya mata a rai layi ɗaya ne da malamin ya rubuta, wai adadi daidai yake da adadin a ƙara ɗaya. Ta ɗaga hannu.

"Malam, yaya abu zai zama daidai da kansa, kuma ya fi kansa?"

Ya yi mata bayani sau biyu. Ta gyaɗa kai don kada ta ɓata wa mutane lokaci. Da yamma ta tambayi mijinta, tsohon direba, yana gyaran rediyo a tsakar gida.

"Maigida, biyar za ta iya zama shida?"

"In an ƙara mata ɗaya."

"To ai ta daina zama biyar."

"To ki bar ta a biyar ɗin mana," ya ce, ya ci gaba da rediyonsa.

Aka kawo kwamfuta goma sha huɗu, aka jera su a ɗakin da tafiretocin suke a da. Ɗaliban ajin ƙarshe kuwa hamsin da takwas ne. Ranar farko wasu su bakwai, waɗanda akwai kwamfuta a gidajensu, suka riga kowa zama. Sauran suka tsaya a baya suna leƙe, yawancinsu mata. Masu zaman suka yi ta jefo mata tambayoyin da ba ta san ko tambayoyi ba ne ko tsokana. Da ta rasa abin yi sai ta koma ga abin da ta sani. Ta fito da tsohuwar ƙararrawarta ta ajin tafireta, ta raba su biyu-biyu, duk minti goma ta kaɗa a tashi a ba wasu. Masu jira su rubuta umarninsu a takarda kafin layi ya zo kansu. Bakwai ɗin nan suka kai ƙara cewa tana ja musu baya. Ita kanta ba ta da tabbacin ba gaskiya suka faɗa ba.

In ɗalibi ya tambaye ta abu, sai ta ce, "Wa ya gane? Ya zo ya yi min bayani." Yara suka ɗauka dabarar koyarwa ce. Ba dabara ba ce.

Akwai wata yarinya, 'yar mai facin taya, da ake kira Tsit saboda ba a jin muryarta. Ranar da suka kai kan layin nan na adadi, Gwaggo ta rubuta shi a allo, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta faɗa musu gaskiya cewa ita dai wata uku ke nan bai shiga kanta ba. Sai Tsit ta ɗaga hannu daga baya.

"Malama, ina ga ba cewa yake yi daidai suke ba. Umarni ne. Kamar in Baba yana ba taya iska. Iskar da ke ciki yanzu ita ce ta ɗazu da ƙarin bugu ɗaya. Tayar dai ɗaya ce."

Gwaggo ta cire tabarau ta goge. Ta ce a maimaita mata. Ranar ta dawo gida da fara'a, ta yi min bayanin, ta yi wa mijinta. Washegari suka shiga darasi na gaba, ta koma inda take.

Da jarrabawa ta matso, shugaban ya ce ta zaɓo gwanaye goma sha huɗu, kada a je a kunyata makaranta. Gwaggo ta ɗauko takardar kwalejin ta sake karantawa.

"Ranka ya daɗe, nan an ce dukkan ɗalibai."

"Haka ake rubutawa. Ke dai ki zaɓo."

"Da me zan zaɓa? Ni ban san wanda ya iya ba. Wanda ya fi surutu kawai na sani."

Ya dube ta yana neman alamar wasa, bai gani ba. Ya ce ta yi yadda ta ga dama. Duka hamsin da takwas suka zauna, rukuni-rukuni, kwana biyu. Goma sha ɗaya suka samu gurbi. Uku ne kawai daga cikin bakwai ɗin nan. Shida mata ne, har da Tsit. Kwalejin ta gayyaci Gwaggo ta bayyana wa malaman wasu makarantu hanyar da ta bi. Ta tsaya a gabansu ta ce ba ta da wata hanya, ƙararrawa ce kawai da rashin sani. Ta ga suna rubutawa, abin ya ƙara ɗaure mata kai.

Wata biyu da fara karatun Tsit a kwalejin, mai facin taya ya zo gidanmu da rana, hannunsa duk baƙin mai, ya tsaya daga ƙofa. Ya ce yarinyar ta ce za ta bari. Wai 'yan ajinsu sun shekara biyar suna taɓa kwamfuta, malamai suna magana kamar kowa ya sani, ita kuma kunyar tambaya take ji.

Gwaggo ta hau mota ta tafi kwalejin. Ta ɓata sau biyu a cikin gine-ginen kafin ta same ta a ɗakin karatu. Tsit ta nuna mata aikin da aka ba su. Gwaggo ta duba sama ta duba ƙasa.

"Ko kalma ɗaya ban gane ba. Ke fa?"

"Rabin farko kawai, Malama."

"To kin fi ni. Tashi mu je."

Ta ja ta har ofishin dogon malamin nan, ta zauna ta ce ita ce ba ta gane ba, tana so ya yi mata bayani a hankali. Ya fara da sauri, ta tsayar da shi. Ya sake, ta sake tsayar da shi. A karo na huɗu Tsit ta fara rubutu. Da za su fita Gwaggo ta tambaye shi ko sauran goman su ma za su iya zuwa. Ya ce su zo duk ranar Laraba da rana.

Tsit ta faɗi darasi ɗaya a wannan zango, ta maimaita, ta wuce. Biyu daga cikin goma sha ɗayan sun bari duk da haka, kuma har yau Gwaggo tana tambayar kanta ko akwai ofishin da ya kamata ta je ba ta je ba. Ta ƙara shekara uku a ajin kafin ta yi ritaya. Da aka turo wanda zai gaje ta, mai digiri a fannin, ta miƙa masa makullan ɗakin, sannan ta roƙe shi ya bar ta ta riƙa zama a kujerar baya sau ɗaya a mako. Ya yarda. Mijinta ne yake raka ta bakin titi.