Baƙin Maganin Sabina

Duk ɗan Arewar da ya zauna unguwar Deira ta Dubai ya ce bai san Sabina mai magani ba, to ko dai jiya ya sauka daga jirgi, ko kuwa cikinsa bai taɓa ɗaurewa ba. Ni kuwa ban yarda akwai mai irin wannan ciki a garin da ake cin burodin Larabawa safe da rana ba. Sunana Mary-Jane, kitso nake yi a wani shago, kuma ɗakinmu ɗaya da ita: gadona na sama, nata na ƙasa. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Sabina 'yar wani ƙauye ce a bayan Zonkwa. Kakarta ce ta rene ta, tsohuwar da ba ta wuce ganye a hanya ba ta murza ta sunsuna ba. Mijin Sabina ya rasu ya bar mata yara, ta damƙa su ga ƙanwarta ta taho Dubai da bizar aikatau. Ta ga ta kanta a gidan wasu mutane, daga baya Allah ya yanke mata wahala ta samu aikin shara da dafa shayi a wani ofishin kago na masu tura kaya a kasuwar Murshid Bazar. A jakar da ta zo da ita akwai ɗan turmi na katako, akwai kuma zanin zumuntar mata. Wanda bai tashi a ikilisiya ba ba zai gane ba. Zanin nan in mace ta ɗaura shi ta tsaya cikin 'yan'uwanta tana waƙa, ta tashi daga mai goge tayil ta koma mutum mai suna da dangi. Sabina ranar Lahadi kawai take rayuwa, sauran kwanakin jira take yi.

Magani kuwa ba sayarwa take ba, hannunta ne ba ya iya zama. Ta gano darbejiya na tsaye a gefen titi ba mai kula ta, sai ta waiga hagu ta waiga dama ta tsinka ta cusa a jaka. Zogale a shagon Indiyawa, citta da kanumfari da filasko wajen masu kayan ƙamshi na bakin ruwa. Mai mura, mai basir, mai ciwon baya saboda ɗaukar katan, duk ƙofarmu suke ƙwanƙwasawa. Amma wanda ya yi suna shi ne baƙin nan na wankin ciki: filasko da tsamiya da habbatus sauda, a zuba zumar dabino a dafa har ya yi baƙi ƙirin. Cokali ɗaya ake sha, ɗaya tak, kuma kullum sai ta ja kunnen mai karɓa.

Sujadarmu a wani zauren haya muke yi, kujerun roba, kuma da lokacinmu ya cika Indiyawan Kerala na bakin ƙofa da nasu ganguna suna duba agogo. Ba mu da fasto, sai Dattijo Ishaya. Mai gadi ne a wani dogon bene a Port Saeed. Duk mako yana tsaye yana buɗe wa mutane ƙofa yana cewa "yalla, bismillah ku shige", ba wanda ke ɗaga ido ya ga ko mutum ne ko tukunyar fulawa. Ranar Lahadi sai ya sa kwat ya rama a kanmu.

Gadi aiki ne mai dogon zama, ga waya a hannu. A nan Dattijo ya ci karo da hotunan tarihi na yadda ikilisiyar Turai a can zamanin baya take kafa kotu tana farautar masu karkatacciyar koyarwa. Kowa ya ga irin wannan abu sai tsigar jikinsa ta tashi. Shi kuwa sha'awa ta kama shi. Ya hau mumbari yana cewa mutanen wancan zamani sun san darajar imani, ba sa wasa da ɓaraka, idonsa har wani ƙyalli yake. Ya kafa kwamitin tsaron koyarwa, shi ne shugaba. Kwamiti ya daɗe ba aiki, don mu dai ba mai ƙarfin yin bidi'a a cikinmu, kowa a gajiye yake zuwa.

Rannan cikin Dattijo ya ɗaure, ya biyo gidanmu karɓar baƙin magani kamar yadda ya saba. Sabina ba ta dawo daga ofis ba, ta bar tukunya a hannun Memuna. Memuna 'yar Zangon Nima ce ta Gana, ita ce ta ukunmu a ɗaki, Musulma, kuma ko tsintsiya za ta ɗauka sai ta yi bismillah. Dattijo ya leƙo kicin ya tarar da mace da ɗankwali tana tsiyaya baƙin ruwa a kwalba tana motsa baki. Shi ke nan. Mutumin da ya tashi a Kaduna in ya ga baƙin ruwa a kwalba a hannun Musulmi, abu ɗaya ne ke zuwa masa: rubutun allo da malamai ke wankewa a sha. Bai tambaya ba. Ya ja da baya yana kiran jinin Yesu, ya sauka bene ko lif bai jira ba.

"Ei, Sista," in ji Memuna da Sabina ta dawo, "baban cocinku ya zo, ya gan ni ya arce. Ko wani abu ne a fuskata?"

Muka yi ta dariya har da hawaye. Kafin Lahadi dariya ta ƙare, don saƙo ya iso cewa kwamiti na neman 'yar'uwa Sabina kan zargin shayar da 'ya'yan ikilisiya rubutu. In ya tabbata, horo ne: kujerar baya, ba cin jibin Ubangiji, kuma a karɓe zanin zumunta. Sabina ta zauna bakin gado da zanin a cinya, tana shafa shi. Ban taɓa ganin ta haka ba, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

A nan Jonah ya shigo maganar. Jonah mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, yana kwana a Sonapur cikin 'yan ƙwadago, tuzuru ne da furfura ta fara masa sallama. Tun yana yaro a makarantar mishan ya tsinci wasu tsofaffin littattafai na jaruman Turai masu sulken ƙarfe, waɗanda kowannensu ke zaɓar mace guda ya yi mata alkawarin kare mutuncinta har mutuwa, ba tare da ya nemi ko gaisuwa ba. Littattafan nan sun shiga kansa ba su fita ba. Tun ranar da Sabina ta warkar masa da ƙaiƙayin zufa ya naɗa ta uwargijiyarsa. Ba zance yake zuwa ba, ina! In mun fito sujada zai karɓi jakarta ya bi ta a baya har tashar jirgin metro, ya rusuna, ya juya. Har wani tsohon hankicinta da ta yar ya ɗaura a jakar sufanunsa. Sabina takan ce, "Jonah, don Allah ka je ka yi aure ka bar ni in huta." Shi kuwa sai ya dafe ƙirji, wai irin wannan amsar ce matan littafin ke bayarwa.

Ranar shari'a aka gajarta waƙa don a samu lokaci. Aka jawo tebur, Dattijo a tsakiya, kwalbar baƙin magani da kwamiti ya karɓo daga ɗakinmu a gabansa an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar za ta ciji wani.

"'Yar'uwa Sabina, wannan naki ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Me ke ciki?"

Ta lissafa masa ɗaya bayan ɗaya.

"To me waccan matar ke karantawa a kai?"

"Bismillah ta yi, Baba. Ko ruwa za ta sha haka take yi."

"Kun ji da kunnenku," in ji Dattijo, ya juya ga jama'a. "Ta amsa an yi karatu."

Na miƙe na ce, "Haba Baba Dattijo! Kai kanka da bismillah kake buɗe wa Larabawa ƙofa. Kuma wa ke zaune a nan da bai sha maganin nan ba? A ɗaga hannu mu gani!" Aka ce in zauna, ba a ba ni izinin magana ba. Ba hannun da ya tashi, amma kowa ya samu abin kallo a ƙasan kujerarsa.

Sai Jonah ya taso daga baya, da rigar aikinsa an goge ta tsaf. Ya zo gaban tebur ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, har ta yi ƙara.

"Baba Dattijo, a zamanin da kake ba mu labari, in aka zargi mace, jarumi na da damar tsaya mata. Yakan kama ƙarfe mai zafi ko ya shiga ruwa, Allah ya raba gardama a jikinsa. Ni na tsaya wa wannan baiwar Allah. Zan sha maganin nan a gabanku. In akwai aikin duhu a ciki, ya faɗa a kaina."

Dattijo ya ji an ambaci zamanin da yake so, ya gyara kwat ya ce an yarda.

Sabina ta ce, "Jonah, cokali ɗaya! Jonah, ka ji ni, cokali ɗaya!"

Ina jarumi ina cokali? Ya yaye ƙyallen, ya kafa kai, ya shanye kwalbar nan tas, wadda gida guda za su yi wata suna sha. Ya goge baki ya tsaya ƙiƙam, hannu a ƙirji. Kowa ya zuba masa ido. Aka ɗan jima ba abin da ya faru, har wasu mata sun fara cewa halleluya ƙasa-ƙasa, ni ma na fara murna, don na manta bai karya ba ya zo. Sai na ga Sabina ta rufe fuska da tafin hannu.

Cikin Jonah ya yi wata ƙugi da na layin baya ma sun ji. Zufa ta karyo masa. Allah ya sani ya yi ƙoƙari, ya cije, ya sauya ƙafa, ya ɗaga ido sama yana motsa leɓe. Daga nan ya ce, "Uwargijiyata, ki gafarce ni," ya kwasa da gudu, ya ture kujeru, ya ratsa ta cikin Indiyawan da suka fara taruwa a ƙofa, ya faɗa banɗaki.

Dattijo ya miƙe a hankali. "Ikilisiya ta gani. Abin da ke na Allah ba ya korar mutum daga gaban Allah a guje." Na rantse da Jonah ya tsaya lafiya, da cewa zai yi Shaiɗan na kare nasa. Indiyawa na ƙwanƙwasa ƙofa, wani na cewa khalas, khalas, lokaci ya yi. Aka ce masu goyon bayan horo su ɗaga hannu. Hannaye suka tashi sannu-sannu, kuma na san tarihin kowane ciki da ke ƙarƙashinsu. Horo ba ranar ƙarewa, sai dattawa sun ga alamar tuba.

Sabina ta wanke zanin, ta goge, ta ninke, ta kai wa shugabar zumunta da hannu biyu. Memuna ta ce za ta je ta rantse musu da duk abin da suke so, Sabina ta hana ta. Turmin ta tura ƙarƙashin gado. Masu ƙwanƙwasa ƙofarmu neman magani suka ɗauke ƙafa, sai dai su tare ni a hanya su tambaya a kaikaice ko akwai ɗan saura.

Lahadin da ta biyo baya ta zauna a kujerar baya, daf da ƙofar banɗaki, da wata atamfa da ta koɗe. Jonah ya iso ya rame, wandonsa na neman faɗuwa, ya ɗauki kujerarsa ya kai kusa da tata ya zauna. Wani ya yi dariya wai ya zaɓi wurin da ya dace da shi. Ni na ƙi shiga layin zumunta, na zauna a gabansu. Da mata suka tashi waƙa na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa, ba ta kuskure ko baiti ɗaya ba.

Dattijo ya hau wa'azi a kan tsare garke daga gurɓataccen ruwa. Bai yi nisa ba tarin da sanyin na'ura ya saba tayar masa ya turnuƙe shi. Ya sha ruwa, ya ƙaru. Ya kama mumbari, idonsa ya yi ja, magana ta gagara. Sai na ji an taɓa kafaɗata. Sabina ce, da 'yar alewar citta da zuma da take ƙullawa a leda.

"Miƙa gaba," ta ce.

"Anti, Allah kuwa ba zan miƙa ba. Ya yi ta yi."

"Mary-Jane, miƙa."

Na miƙa. Ƙullin ya bi layi-layi, daga hannu zuwa hannu, hannayen nan dai da suka tashi makon jiya, ba wanda ya tambayi daga ina ya fito don kowa ya san ƙullin. Ya isa mumbari. Dattijo ya kwance, ya jefa a baki, ya tsotsa. Tari ya lafa. Bai dubi baya ba, ya gyara murya ya ɗora daga inda ya tsaya, yana gargaɗin ikilisiya kan karɓar abu daga hannun da ba a tantance ba.

Sabina ta sake matsowa kusa da kunnena. "A faɗa masa kada ya sha ruwan sanyi a kai, zai dawo."

Wannan saƙon kam ban miƙa ba. Kuka ne ya ci ƙarfina.